Bindigar da Kaka Ya Bari: Daga Ina Ta Zo Naraguta?

Ba kowane gado ne ake shimfiɗa wa tabarma a tsakar gida ba. Gona da gida da manyan riguna kowa ya san da su tun marigayi yana raye. Amma a wasu tsofaffin gidaje na Naraguta da cikin garin Jos, sai an zo kwashe ɗakin tsoho bayan sadakar bakwai ko ta arba'in ake cin karo da wani dogon abu naɗe cikin tsumma da buhu, a ƙarƙashin gado ko a saƙale cikin rufi. Ana warwarewa sai ga bindiga, katakonta ya yi baƙi, ƙarfenta ya yi ja da tsatsa. Nan take labari zai tashi. Gwaggo ta ce ai da ita Baba ya yi yaƙin Bama. Kawu ya ce ina, wani Baturen kuza ne ya ba shi ranar da zai koma Ingila. Wani kuma ya rantse tun zamanin Rabe take cikin zuriya.

Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu, amma zai yiwu duk sun kauce hanya. Sa'ar da aka yi ita ce bindigar soja ba kamar takobi ko mashi ba ce. Gwamnatocin da suka ƙera ta ba su yarda da kowa ba, har ma'aikatansu, don haka duk matakin da ta taka sai an buga mata hatimi a ƙarfe: masana'antar da ta fito, shekarar da aka gama ta, sarkin da ke kan gado, mai duban da ya amince da ita, wani lokaci har da shaidar cewa an sallame ta daga aikin soja. Wanda ya iya karanta waɗannan tambura zai faɗi asalinta kamar yadda tsofaffinmu ke duban zanen fuskar baƙo su ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Sai dai zane gidan da mutum ya fito kawai yake faɗa, ba ya faɗar garuruwan da ya yi yawo. Haka ƙarfe: zai gaya maka inda aka ƙera shi, ba zai gaya maka kafaɗar wa ya hau ba. Yawancin musun da ake yi kan bindigar gado daga cakuɗa waɗannan tambayoyi biyu yake tasowa.

Me ya sa wuri kamar Naraguta zai tara irin waɗannan kaya? Kuza ce. Tun kafin Turawa, maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma suna narkar da ita suna fitar da ita siri-siri, fatake na kai ta kasuwanni har ta faɗa hannun Kamfanin Neja. Bin sawun wannan ƙarfe ne ya kawo George Nicolaus a 1902, shekarar da sojojin Lugga suka shiga Bauchi, sannan H. W. Laws a 1903. Laws ya fara sauka a Tilden Fulani, daga baya ya matsa da sansaninsa zuwa Naraguta, a ƙasar Anaguta, kusa da kogin Dilimi. Da rakiyar sojoji ya hau tudun Filato, domin mutanen tsaunukan nan, waɗanda dawakin Bauchi da na Zazzau ba su iya murƙushe su ba, ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba. An yi shekaru ana fita sintiri ana ƙona ƙauyuka. A Naraguta aka fara ajiye ofishin mulkin wannan yanki kafin a mayar da shi Jos. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, aka yanke Lardin Filato a 1926. Ke nan a ɗan wannan fili an haɗa soja da ɗan sanda, da Baturen kuza mai son farauta, da kukunsa da boyinsa, da fatake daga Borno da Kano, da maharba, da tsofaffin sojojin da suka ajiye kaki suka zo neman aikin gadi ko shugabancin lebura. Kowane ɗayansu hanya ce da bindiga za ta iya biyowa.

Tambayar farko ba ta buƙatar ilimin boko: ta ina ake ɗura ta? Idan ta baki ake zuba albarushi, a bi shi da dalma, a danna da sanda, to bindigar toka ce, wadda maharba ke wa kirari da harba-ka-ruga. Mafi yawan abin da ake samu a ɗakunan tsofaffi wannan ce, kuma mafi yawanta ba ta taɓa ganin bariki ba. Akwai dalili. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels cewa ba za a sayar wa 'yan Afirka na wannan yanki bindigogin zamani ba, sai dai masu ƙanƙara marasa tsaga a cikin bututu, da albarushin kasuwa. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam suka ci gaba da ƙera irin waɗannan musamman dominmu, a lokacin da sojojinsu sun daɗe da yar da su. Sau da yawa za a ga kambi da kalmar TOWER a farantin da ke gefenta, mai gida ya ɗauka ta Sarauniyar Ingila ce. Wata kam da gaske tsohuwar ta soja ce da aka yi gwanjonta, amma 'yan kasuwa sun yi ta buga wannan tambari a kan kayan da ba su taɓa shiga ma'ajiyar gwamnati ba, don sun san shi mai saye ke nema. Idan aka ga haruffan ELG cikin wani da'ira mai siffar ƙwai a gindin bututu, to a Liège aka gwada ta. Idan kuwa babu tambari ko ɗaya, bututun kuma ya yi kama da na ruwa ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, to aikin maƙerin gida ne. Wannan ba abin raini ba ne. A wurina ma ta fi faɗin tarihinmu fiye da wadda aka yo oda. Sai dai ba ta soja ba ce.

Bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya ita ce ke da dogon bayani. Idan tana da 'yar guduma a gefen dama da ake ɗanawa da babban yatsa, ga kuma wani murfin ƙarfe da ke buɗewa gefe ɗaya a saka harsashi guda, to Snider ce. Ingila ta fara amfani da ita a 1866, kuma da yawansu tsofaffin bindigogin ɗuri ta baki ne aka yanke gindinsu aka gyara, shi ya sa za a iya ganin shekarar da ta girmi 1866 a jikinta ba tare da an yi ƙarya ba. Da irinta dakarun Kamfanin Neja suka tunkari Bida da Ilori a 1897, lokacin da sojan Ingila ya manta da ita. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata mai bincike ya riƙe: abin da aka gama yayinsa a Turai shi ake turowa nan, don haka tsakanin shekarar ƙira da shekarar isowa Arewa ana iya samun tazarar shekara ashirin ko talatin.

Idan babu guduma a waje, sai wani mariƙin ƙarfe a bayan kunama wanda ake dannawa ƙasa bakin ɗuri ya buɗe, to dangin Martini ce. Martini-Henry ta shiga aikin soja a 1871, da ita Turawa suka yi yaƙin Zulu a 1879. A gefenta na dama ake samun kambi, ƙarƙashinsa V.R., wato Sarauniya Biktoriya, sai sunan masana'anta da shekara. A juya gefen hagu. Idan aka ga wata shekarar dabam tare da M.E. da lambar .303, to an sake mata bututu ne daga 1895 zuwa sama don ta ci sabon harsashi, ta koma Martini-Enfield. Rundunar da aka ɗora wa Lugga kafawa a 1897, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, da dangin Martini ta fara kafin a sauya mata da mai gidan harsashi. Duk wanda ya tarar da gajeriyar Martini mai shekaru biyu daban-daban a rubuce a jikinta, yana riƙe da abin da ya yi zamani da Laws a Naraguta. Na ce ya yi zamani da shi, ban ce ya zo tare da shi ba.

Wadda aka fi cin karo da ita cikin na soja na gaske ita ce Lee-Enfield, mai sakata a sama da ake ɗagawa a ja baya a tura gaba, da gidan harsashi mai cin goma a ƙarƙashi. Ita ce bindigar sojan Najeriya a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Gabashin Afirka, a Habasha a 1941, da kuma Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi fama da Japanawa. Iri biyu ne suka fi yawa, kuma ido kaɗai ya isa ya raba su. Ta farko katako ya lulluɓe ta har baki, hancinta a dakushe, ma'aunin saitinta a tsakiyar bututu. A ɗaga hannun sakata a dubi zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da jiki ta dama: ga kambi, ga E.R. idan zamanin Sarki Edward ne, wato 1901 zuwa 1910, ko G.R. idan na George ne, ga sunan maƙera, ga shekara, ga kuma III, ƙirar 1907. Ɗan tauraron da kan biyo bayan III alama ce ta sauƙaƙa aiki da aka yi a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya don a riƙa fitar da su da yawa. Sunan maƙera kuwa shi ne ke ba mutane mamaki. ENFIELD masana'antar gwamnati ce a arewacin Landan, BSA kamfani ne a Birmingham, LSA a Landan, amma LITHGOW a Ostareliya take, ISHAPORE ko G.R.I. kuwa Indiya ce, kusa da Kalkata.

Ta biyu ita ce wadda tsofaffin sojoji da 'yan sanda ke kira Mak 4. Bakin bututunta ya fito waje ya bar katako a baya, ma'aunin saitinta kuma ɗan rami ne can baya kusa da ido. Daga 1941 aka fara raba ta da yawa. Rubutunta a gefen hagu yake, kuma aikin gaggawar yaƙi ne, wani lokaci kamar da ƙusa aka zana shi. Fazakerley da Maltby masana'antun gwamnati ne a Ingila, M47C lambar ɓoye ce ta wani reshen BSA, LONG BRANCH a Kanada take, wadda kuma aka rubuta wa U.S. PROPERTY kamfanin Savage ne ya ƙera ta a Amurka aka ba Ingila aro. To a nan ne ƙarfe kan yanke hukunci. Idan aka karanta No 4 Mk 2, an gama magana: sai a 1949 aka fara wannan ƙira, yaƙin Bama kuwa ya ƙare a 1945. Komai yawan rantsuwar dangi, wannan ba ta je Bama ba.

Ƙananan tambura ma suna magana. Kan kibiya mai layi uku shi ne shaidar mallakar gwamnatin Ingila. Idan kibiya biyu suka haɗa kai suna kallon juna, an sayar da ita ne bisa ƙa'ida, ta fita daga hannun soja. D.P. na nufin an yanke mata hukuncin faretin koyo kawai, ba ta da amincin da za a harba ta. F.T.R. da shekara na nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya a wannan shekarar, ke nan a lokacin tana hannun gwamnati, ba a ɗakin kowa ba. Kambi da BNP shaida ce cewa ta bi ta hannun 'yan kasuwar Ingila daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa sama. A tsofaffin ƙira akwai ɗan faifan tagulla a jikin ƙota inda ake buga haruffan runduna da lambar ma'ajiya. Idan aka yi dace ba a goge shi ba, shi ne abu mafi kusa da adireshi da bindiga ke da shi. A kuma gwada lambar da ke jikin bindigar da ta bayan hannun sakata da ta bututu. Idan sun saɓa, an yi mata haɗe-haɗe, ko a bariki ko a maƙera.

Ba Ingila kaɗai ta zubar da ƙarfe a ƙasar nan ba. Rubutun tafiyar tsutsa mai cewa St Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle, tare da Mle 1874, Gras ce ta Faransa, mai cin harsashi ɗaya. Irinta ta cika Sahara da ƙasar Chadi a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma shigo ta Damagaram da Borno. Rabe ya ci Borno a 1893 da ƙarfin bindiga, aka kashe shi a Kusuri a watan Afrilun 1900, aka kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, mayaƙansa suka watse da abin da ke hannunsu. Don haka mai cewa tun zamanin Rabe ba lallai ne ya yi shaci-faɗi ba idan abin da ke gabansa Gras ce. Amma ita ma an yi gwanjonta da yawa bayan Faransa ta daina amfani da ita, wasu har aka goge tsagar cikinsu aka mayar da su na harbin tsuntsu. Mod. 71 da sunaye irin su Spandau, Danzig, Erfurt ko Amberg kuwa Mauser ce ta Jamus, irin wadda sojojin Jamus baƙar fata suka riƙe a Kamaru har Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. Ganimar Bama ta gaske, in akwai ta, ba Lee-Enfield za ta kasance ba. Arisaka ce ta Japan, mai hoton fure a saman gindin bututu da rubutun da ba boko ba, ba ajami ba.

Kama da wane ba ta wane. Akwai biyu da suka fi ruɗar mutane, kuma duka biyun sun dace da labarin Baturen kuza. Kamfanin Greener na Birmingham ya ƙera bindigar harbin tsuntsu da ta 'yan sanda a kan tsarin Martini; daga nesa ba ka raba su, sai ka leƙa bututu ka ga cikinsa sumul, babu tsaga mai murɗewa, ka kuma karanta sunan Greener a gefe. BSA kuma ta riƙa sayar wa hafsoshi da mafarauta Lee-Enfield ta kasuwa, wadda kan ɗauki rubutun LEE-SPEED, ba ta da kambin sarki, katakonta kuma ya fi kyau. Wanda ya tarar da ɗayan waɗannan, labarin kyautar Bature ya samu ƙafar tsayawa fiye da labarin fagen fama.

Yanzu sai labarin gida. Ra'ayina shi ne, zancen cewa soja ya dawo daga yaƙin Hitila da bindigarsa ya rataye a ɗaki yana da wuyar karɓuwa. Bindiga ba ta soja ba ce, ta gwamnati ce. An rubuta lambarta a gaban sunansa, ɓatar da ita laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma kafin a miƙa masa takardar sallama sai ya mayar da ita ma'ajiya. Turawan da suka tuna Satiru, inda a Fabrairun 1906 talakawa masu gatari da fartanya suka karya rundunar soja suka kwashe bindigoginta har da mai ruwa, ba za su saki dubban ƙwararrun mayaƙa su koma ƙauyuka da makamai ba. Abin da tsohon soja ya dawo da shi lambobin yabo ne, da takalmi, da babbar kwat, da ɗan kuɗin sallama. Da wannan kuɗi wani ya sayi keken ɗinki, wani ya yi aure, wani kuma ya sayi bindigar farauta ya yanki lasisi. Bayan shekara hamsin sai jikoki su haɗa sojan da bindigar su zama labari ɗaya. Idan kuwa Mak 4 ce ta gaske, hanyar da ta fi kama hankali ita ce yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da aka ɗebi sojoji da gaggawa, lissafin ma'ajiya ya rikice, makamai suka bazu.

Shi ya sa nake ganin akwatin tsoho ya fi ƙarƙashin gadonsa amfani ga mai neman tarihi. A nemi littafin sallama, wanda ke ɗauke da lambar soja, ta 'yan Najeriya a Yaƙin Duniya na Biyu tana farawa da NA, da bataliyarsa da wuraren da ya yi aiki. A nemi tsohon lasisi, domin a kansa ake rubuta irin bindiga da lambarta, kuma idan lambar ta dace da ta ƙarfen, an samu abin da tambari ba zai taɓa bayarwa ba, wato sunan mai ita da shekarar da take hannunsa. A dubi lambobin yabo da kyau. Wadda aka ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka tana da 'yan sandunan ƙarfe masu rubutun N. NIGERIA da shekara, 1902, 1903, 1904 ko 1906, kuma an zana sunan soja da lambarsa a bakinta. Haka ma na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna. Tauraron Bama da sauran na yaƙi na biyu kuwa ba suna aka raba su, don haka su kaɗai ba sa tabbatar da mai su. Ko tsohon ƙwanson harsashi yana da rubutu a gindi: K na kamfanin Kynoch ne, VII ƙirar 1910 ce, kuma galibi akwai shekara. Wanda ya ƙuduri zurfafawa, takardun Lardin Filato na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Sannan a zauna da tsofaffin gida a ɗauki muryarsu, kowa shi kaɗai, kafin ɗaya ya gyara wa ɗaya labari.

Wajen duba bindigar akwai abin da ba a wasa da shi. A ɗauka cewa a ɗure take. Maharbi kan ajiye bindigar toka da ɗurinta don shirin ko-ta-kwana, ajali ya riske shi bai sauke ba, kuma albarushin da bai sha ruwa ba yana tashi bayan gomman shekaru. Kada a ja kunama don gwaji, kada a kai ta kusa da wuta don a kwance abin da ya cije, kada a bar yara su yi soja da ita. Kada kuma a kai wa mai walda ko a bi ta da samfefa don ta yi ƙyalli. Tambarin da ya rayu shekara ɗari yana gogewa cikin minti biyu. Tsumma mai ɗan mai ya isa. A shafa alli a kan rubutun a share sama-sama, a haska tocila ta gefe, haruffan za su fito, a ɗauki hoto da waya. Hoton na ajiya ne, ba na ɗorawa a Facebook ana riƙe da ita ana murmushi ba.

Dalilin wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne doka, kuma a nan ne magada suka fi yin sakaci. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na ɗuri ta baki, lasisinsu na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na farauta, irin su mai baki biyu, na hannun Sufeto Janar. Kashi na uku haramtattu ne, babu mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a jerinsu an ambaci bindigogin soja masu cin harsashin .303 ƙarara. Wato Lee-Enfield ɗin kaka, komai tsufanta, a idon doka layi ɗaya take da ta ɗan fashi, kuma hukuncin mallakarta ba ya gaza ɗaurin shekara goma. Dokar ta haɗa har da sassan bindiga, don haka cewa ai ta lalace ba mafaka ba ce da mai hankali zai dogara da ita. Lasisi kuma ba a gadonsa. Ko marigayi yana da nasa, kwana 14 kacal doka ta ba wanda kayan suka faɗa hannunsa bayan rasuwar. Malamin da ke rabon gado yakan tambayi kimar kowane abu kafin ya fitar da tumunin takaba da kason 'ya'ya. Abin da doka ta hana a saya ko a sayar, ban ga kimar da za a ɗora masa a raba ba.

Kuma Jos ce fa. Garin da ya ga Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010, garin da sojoji suka shafe shekaru suna tsare da mararrabarsa, ba wurin da za a tsaya yi wa jami'in da ya zo bincike bayanin Sarauniya Biktoriya ba ne. Tsohuwar bindiga a rufin ɗaki tana iya jawo wa gida, har da unguwa baki ɗaya, sunan da ba za a wanke shi da sauƙi ba.

Duk da haka ina jin ciwon a ce Martini mai shekara 130 ta ƙare a tarin da ake yankawa a ƙona tare da na 'yan ta'adda. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa da ke tattara ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma aikinta raba jama'a da makami ne, ba adana tarihi ba. Adana tarihi aikin Hukumar Gidajen Tarihi ce, wadda ke da gidan tarihin yaƙi a Umuahia, take kuma da gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, 'yar tafiya kaɗan daga Naraguta. Wannan gida da abin da masu haƙar kuza suka tono ya yi suna, wato gumakan Nok. Bindigogin da aka buɗe filin kuzar da su ma suna da gurbi a cikinsa, da bayanin wanda ya riƙe su da wanda aka harba da su. Sashen tarihi na Jami'ar Jos kuwa a kan ƙasar Naraguta ɗin yake zaune.

Kirana ga rundunar 'yan sandan Filato da hukumar gidan tarihin shi ne su zauna su fitar da hanya ɗaya sananniya: magaji ya kai rahoto ba tare da fargabar za a tsare shi ba, masani ya duba kafin a lalata, abin da ya cancanci ajiya a kashe bakinsa a sa shi a gilashi da sunan gidan da ya fito. Kafin a samu wannan, wanda ya ci karo da irin wannan gado ya kwafe duk tambura da lambobin da ke jikinta, ya ɗauki hotuna, ya sanar da mai unguwa a ranar. Kada ya saɓa ta ya hau Keke Napep zuwa caji ofis. A rubuta takarda, in da hali da sa hannun lauya, jami'ai su zo su ɗauka da kansu, a karɓi shaidar miƙawa mai ɗauke da lambar bindigar. Kada a jira sai an gama rabon gado.